Kafin Idon Kifin-Mutum Ya Rufe

Ranar da Malam Kobal ya gudu daga asibiti, ruwan sama ya yi kwanaki yana zuba a ƙauyenmu Podstena ba ƙaƙƙautawa, har ƙoramar da ke fitowa daga gindin dutse ta koma kalar shayi mai madara. Ina cikin ɗakin katakon da ke bakin kogo ina fama da dogon takalmin roba, sai waya ta yi ƙara. Metka ce, 'yarsa.

"Zora, Baba ya zo wurinku?"

"Wane Baban? Ba gobe za a yi masa aikin ido ba?"

"Goben ne. Ya ninke rigar asibiti ya ajiye a kan gado, ya ɗauki kwat ɗinsa da hularsa ya fice. In ya zo ki riƙe min shi. In ta kama a ɗaure shi, ki ɗaure shi."

Ban gama ajiye kan wayar ba na hango shi ta taga, yana saukowa daga motar da ke bin ƙauyuka tana tara madara. Direban ya miƙa masa hannu, ya ture. Ya taho yana laluben hanya da tsinin lema, kansa a karkace kamar kaza mai kallon shaho, domin tuni tsakiyar ganinsa ya mutu, gefe-gefe kawai ya rage masa.

Drago, abokin aikina, ya leƙo ta bayana da burodi cike da baki. "Shi ke nan," in ji shi. "Mai gida ya dawo karɓar gidansa."

Gidansa ne kuwa. Malam ne ya shigo kogon nan yana saurayi, ya share shi, ya sa ƙofofi, ya jera akwatunan gilashi ya zuba kifin-mutum a ciki. Haka mutanenmu ke kiransa, ko da yake ba kifi ba ne, ɗan'uwan kwaɗo ne: siriri, fari mai ɗan ja-ja kamar fatar jariri, da 'yan hannuwa da ƙafafu, ba ido. Shekara arba'in Malam yana jiran su haihu, suka ƙi. Sai da ya yi ritaya ya bar min makullai, idonsa ya lalace, sannan wata tsohuwar mace a cikinsu ta manna ƙwai a ƙarƙashin wani dutse. Huɗu suka ƙyanƙyashe suka rayu. Su kuma 'ya'yan da ido suke zuwa duniya, ɗigo biyu baƙaƙe kamar an taɓa da tsinin allura. Bayan 'yan watanni fata ta rufe su, shi ke nan har mutuwa.

Malam ya turo ƙofa yana ɗigar ruwa.

"Sannu da zuwa, Malam. Yanzu Metka ta..."

"Na san abin da Metka ta ce. Likita ya ce aikin gobe ko a samu ko a rasa. In an rasa, har ɗan gefen nan zai tafi. Na zo in ga idon. Ba ni takalmi."

"Malam, ruwan ciki yana hawa fa," in ji Drago. "Yau auna su za mu yi mu kwashe su mu hau da su sama. Ba ranar baƙi ba ce."

"Baƙo? Kai Drago, ranar da na kafa ƙofar nan kana tsotsar yatsa. Ga shi har yanzu da abu a bakinka."

Na ɗauko masa takalmi. Me zan ce? Shi ya koya min riƙe kwaɗo ba tare da ya tsere ba.

A ƙofar farko akwai kwando, kuma shi ya kafa dokarsa: duk abin da ke ba da haske a nan ake barinsa. Ashana, tocila, agogo mai ƙyalli. An ce ya taɓa korar wani ɗalibi har gida don ya ƙyasta ashana a bayan ƙofa ta biyu. Dalilin dokar ba wuya. A cikin idon kwaɗo, da na mutum, akwai wani rini ja mai sirkin shunayya, shi ke kama haske. Haske ya taɓa shi ya koɗe kamar zane a rana. A zauna cikin duhu ya sake taruwa a hankali. Idon da ya cika da rini yana ganin abin da bai kai hasken taurari ba. Wanda rininsa ya yi kaɗan sai an haska masa sosai. Aikina da 'ya'yan nan huɗu shi ne kowane mako in kunna wa kowannensu wani ɗan haske tsakanin kore da shuɗi, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kawar da kai. Inda ya juya, nan nake gane rinin da ya rage masa. Ba wanda ya taɓa bin idon nan mako-mako har ya rufe. Farin haske kuwa, ko na ƙiftawar ido ne, zai wanke rinin kaf, kuma a idon da ya riga ya kama hanyar rufewa ba mai tabbacin zai dawo.

Malam ya cire agogonsa ya jefa a kwando. Ya fito da ashana ya jefa. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya nuna min kamar yaron kirki. Amma kwat ɗinsa ya rinjaya gefen dama, aljihun ya yi tsawo. Na gani, Drago ma ya gani. Mun kuma san cewa a gida, in an ba shi fitila mai ƙarfi da babban madubin karatu, yakan iya haɗa manyan baƙaƙen jarida. Da tocila zai ga ɗigon nan biyu. Ba tocila, wa ya sani.

Ba wanda ya iya sa hannu a aljihun Malam. Na rufe ƙofa.

Tsakanin ƙofa ta biyu da ta uku akwai benci. A nan ake zaman duhu, a jira ido ya cika kafin a shiga. Muka zauna a jere, Malam a tsakiya. Na kashe jar fitilar bango.

Shekara da shekaru ina zaman bencin nan, ban taɓa sabawa ba. Da farko duhun ba baƙi ba ne. Launuka ne ke tasowa daga cikin idonka suna yawo, kore ya narke ya zama shunayya, shunayya ta buɗe kamar fure ta watse. Daga nan sai ka rasa inda hannunka ya ƙare, inda katakon benci ya fara. Ɗigar ruwa daga rufin kogo takan matso har ka ɗauka a cikin kanka take ɗiga. Ranar kuwa akwai wata murya ƙari, can ƙasa ƙarƙashin dutse, kogin ciki yana gurnani a hankali kamar wani babban abu yana juyi cikin barci.

Takarda ta yi ƙara. Ƙamshin gyaɗar bishiya da zuma ya cika wurin, ƙamshin potitsa, naɗaɗɗen burodin garinmu.

"Drago, potitsar matarka ce?" in ji Malam.

"Ita ce, Malam. A duhu ta fi daɗi, ba ka ganin inda ta ƙone."

"Miƙo. Abincin asibiti ko kwaɗo ba zai ci ba."

Muka ci, hannu na karo da hannu. Can Malam ya fara magana, ba da mu ba, da duhun.

"Kakata cewa take kifin-mutum 'ya'yan dodon dutse ne. In ruwa ya yi yawa ƙorama ta tofo ɗaya, sai ta sa shi a kwanon miya da ruwa, ta rufe da atamfar kanta, ta maida shi bakin rami tana ba uwarsa haƙuri. Ba ta yarda mu buɗe. Wai in ya ga rana zai yi kuka, in uwar ta ji kukan za ta tashi. Ni kuwa na buɗe. Na juya shi, na juya shi, ina neman inda zai yi kukan da shi. Ba ido. Har yau nakan yi mafarki ina tafiya a ƙarƙashin dutsen nan, ruwa har wuya amma ban jiƙe ba, su kuma sun jeru a bango dubu-dubu, duk suna kallona. In na matsa kusa sai in tarar ashe taurari ne."

"Ni mafarkina kullum ana bina da cokali mai yatsu," in ji Drago.

"Domin kai abinci ne."

Na yi dariya, amma kunnena yana ƙasa. Wani sabon sauti ya shigo, tsal-tsal, ruwa yana lasar katakon da aka shimfiɗa a ƙasa. Na sa hannu na taɓa. Ya jiƙe.

"Mu tashi," na ce. "Ya isa."

Bai isa ba. Amma ni idona ya cika, ina jin haka kamar yadda mutum ke jin ya ƙoshi, sai na auna na Malam da nawa.

Ɗakin ciki mun san shi da ƙafa. Akwatunan huɗu suna kan wani kantan dutse daidai ƙugu, kowanne da ɗan kifin-mutum ɗaya da ƙaramar fitilarsa a sama. Drago ya zauna ya manna ido ɗaya a madubin hangen duhu irin na masu gadin iyaka, shi ne shaidarmu. Malam ba ya ganin komai a cikinsa sai koren hazo, ga shi zai wanke masa ido, don haka ko tayi ban yi masa ba. Na kama hannunsa na tsayar da shi gaban akwatin farko, na gyara masa babban madubin ƙara girma da ke kan ƙarfe, na ɗora yatsuna a kan abin murɗawa. Kowace murɗa tana yin ƙas, da ita muke ƙirga.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Hasken nan ba ya zuwa kamar fitila. Duhun ne ke yin laushi a wuri ɗaya. Sai ruwan ya bayyana kamar hayaƙi, sai tsakuwa, sai wani ɗan farin zare kwance a kanta, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na ƙara. Zaren ya lanƙwashe ya maida kai ƙarƙashin dutse.

"Ya juya," in ji Drago. "Tara."

Na kashe. "Malam?"

"Kin kunna ne?"

Muka matsa akwati na biyu. Ruwan ƙasa ya kai idon sawu, sanyinsa na ratsa roba. Na murɗa, zaren ya fito, ya juya.

"Tara," in ji Drago.

Numfashin Malam kawai nake ji a kan gilashi.

Na uku malalaci ne, sai da na kai sha ɗaya ya motsa. Na riƙe hasken ɗan lokaci fiye da yadda ya kamata, ina jiran Malam ya ce wani abu.

"Zora," in ji Drago a hankali. "Kashe."

Na kashe. Sai na ji shi: ƙarar yadi, sannan ƙwal-ƙwal ɗin batura a cikin ƙarfe. Malam ya fito da tocilar.

Kogin ƙasa yana ta gurnaninsa.

"Ɗaya kawai," in ji Malam. Muryarsa ba ta malami ba ce yanzu, ta wani tsoho ce da ban sani ba. "Wannan na ƙarshen. Ku rufe ukun da bargo. Ɗaya daga cikin huɗu, Zora. Ni na ciyar da uwarsu shekara arba'in."

"Malam, kai ka kori mutum saboda ashana ɗaya," in ji Drago.

"Na kore shi. Shi yana da ido, kuma yana da gobe."

Drago ya yi tsaki, kujerarsa ta yi ƙara. "To a ba shi mana, Zora. Uku ma aiki ne. A haska, ya gani, mu kwashe mu gudu. Ruwa ya kai min ƙwauri, kuma ni ban iya iyo ba, nutsewa na iya."

Da ma abin da ya fi sauƙi ke nan. Amma huɗun ma sun yi kaɗan, kuma na san Malam. In ya danna tocilar nan zai ga ɗigo biyu, sannan ya koma gida ya zauna cikin duhunsa yana tuna cewa da hannunsa ya wanke su. Ina tsaye ina wannan lissafi sai abin ya faɗo min, na ji kamar in mari kaina. A ɗakin bincikenmu na waje muna da tsofaffin kwaɗi da matasa, kuma duk wanda ya yi aiki da su ya san tsoho ya fi daɗewa kafin rininsa ya dawo. Na tayar da mutum mai shekara kusan tamanin daga benci a kan lokacin idona. Ga shi da safen nan likitoci sun gama haska masa fitilunsu har cikin ƙwaƙwalwa.

"Malam, idonka bai cika ba," na ce. "Na yi gaggawar tayar da mu. Ga kuma fitilun asibiti."

"Na sani," in ji shi. "Na sani tun a benci. Amma ruwa ba zai jira ni ba."

"Ni zan jira ka. Drago, rufe ukun nan ka hau da su sama, ka dawo. Na huɗun ba za mu taɓa shi ba sai idon Malam ya cika. In na kunna ya juya ba ka gani ba, Malam, na ba ka shi. Da hannuna zan riƙe maka madubin, ka haska."

"In ruwa ya hau kantan fa?" in ji Drago. "Sai ki rasa shi gaba ɗaya, laka ta tafi da shi, ba ke ba Malam."

"Sai ka yi sauri."

"Allah ya haɗa ni da mahaukata biyu a rami ɗaya," in ji shi, amma na ji yana laluben murafan.

Ya rufe akwatunan ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana hawa tsanin ƙarfen da ke kai wa soron sama na kogon, yana zagin kowane mataki da sunansa. Ni da Malam muka jingina da kantan, kafaɗa da kafaɗa. Tocilar tana hannunsa, ina jin sanyin ƙarfenta a gefen hannuna.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. A duhu lokaci ba ya tafiya, taruwa yake. Ruwa ya wuce ƙwauri, ya sami bakin takalmina ya zuba ciki, na ciji leɓe. Daga baya na daina jin ƙafafuna sam, sai na ga kamar daga ƙugu na fara, ina shawagi a kan wani baƙin tafki, ni da tsohon nan, da ɗan zare ɗaya a cikin akwati da bai san muna nan ba. Na tuna da shi a can cikin ruwansa mai tsabta, da ɗigonsa biyu cike taf da rini, yana jiran hasken da a duniyarsa babu shi. Wani abu ya gogi gwiwata ya wuce, ko ganye ko reshe. Ko kuma ɗaya daga cikin na dawa ne, waɗanda ba su taɓa shiga akwati ba, kogi ya ɗauko shi yana wucewa da shi.

"Launukan sun tafi," in ji Malam a hankali. "Yanzu toka-toka ne, kamar gari zai waye."

"Mu ƙara kaɗan."

"Ke ba kya jin sanyi?"

"Ina ji, Malam."

"Da kin auri ɗan likitan nan da ke binki, da yanzu kina zaune gaban murhu."

"Da yanzu ina wanke masa safa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Tsani ya yi ƙara, Drago ya diro cikin ruwa da ashar. Ya lalubo kantan ya auna da hannu.

"Saura yatsu huɗu ya hau. Zora, na rantse da kabarin uwata..."

"Uwarka tana da rai, jiya na gan ta a kasuwa. Zauna ka duba."

Na kama hannun Malam na hagu na ɗora a kan abin murɗawa. "Kai za ka murɗa." Na gyara masa madubin. Na ji ya karkatar da kansa, yadda yake yi a titi, yana kallon bango don ya ga abin da ke gabansa. Mu masu lafiya sai mun koyi wannan dabara a duhu, domin a ɗan haske gefen ido ke gani, tsakiya makaho ne ga kowa. Shi kuwa ciwo ya riga ya koya masa.

Ƙas. Ƙas.

Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Yana jira tsakanin kowace murɗa kamar mai sauraron amsa.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ruwan akwatin ya fara fitowa daga duhu. Ga tsakuwa. Ga zaren, kwance a fili a kan wani faffaɗan dutse, kansa yana fuskantarmu.

"Akwai hazo," in ji Malam. "A'a, tsaya. Ruwa ne."

Ƙas.

"Akwai wani abu a kan dutse." Ya daina numfashi. "Fari. Yana kwance. Zora, ƙarami ne haka?"

"Haka yake, Malam."

Ƙas.

Zaren ya ɗaga kai. Ya tsaya haka, kamar mai tunanin inda ya taɓa sanin wannan abu. Sannan a hankali ya lanƙwasa wuya, ya juya, ya zame ƙarƙashin dutsen.

"Ya juya!" in ji Malam, tun Drago bai buɗe baki ba. "Hagu ya yi. Ya ɗaga kai tukuna, sannan ya yi hagu."

"Hagu ne," in ji Drago. "Takwas. Shegen ya fi 'yan'uwansa ido."

Na sa hannu a kan na Malam muka kashe tare. Duhu ya dawo ya rufe mu. Na jira. Alkawari na yi, kuma abin da ya zo nema ɗigo biyu ne, ba zare ba. A wannan haske ni ma ban taɓa ganin ɗigon ba, ko da madubi.

"Ka ga idon, Malam?"

Na ji ya ɗago daga madubin.

"Na ga ya gani," in ji shi. Yadi ya yi ƙara, batura suka yi ƙwal-ƙwal suka koma aljihu. "Rufe shi, yarinya, kafin laka ta shiga. Me kike tsaye kina jira?"

Na danna murfin na ɗaure, daidai lokacin da ruwa ya fara malalowa kan kantan. Drago ya rungumi akwatin a ƙirji ya yi tsani. Na laluba bango zan kunna fitilar hanya, tunda an rufe su duka, sai Malam ya damƙe min wuyan hannu.

"Tsaya. Da ɗankwali a wuyanki?"

"Akwai."

"Ɗaure min ido. Ninka shi biyu."

"Malam, tsani za mu hau fa."

"Ni na kafa tsanin. Ɗaure."

Na ɗaure masa, sannan na kunna. Hasken ya soke ni har na yi ƙara. Da na iya buɗe ido na ga ɗakin ya zama tafki, kujerar Drago tana yawo a kai, ga tsoho tsaye cikin ruwa har ƙugu, da jan ɗankwalina a fuska, yana murmushi shi kaɗai. Na sa shi a gaba muka hau, ina tura shi da kafaɗa, Drago yana ja daga sama yana cewa nauyin Malam duk na taurin kai ne. Muka ajiye akwati na huɗu kusa da 'yan'uwansa a kan busasshen dutse, muka lulluɓe su da bargo, muka bi tsohuwar hanyar makiyaya da ke fitowa a gefen tsauni.

A waje ruwa ya tsagaita. Yamma ta yi, rana ta sami wata tsaga a cikin gajimare ta zubo kan gonakin inabi, komai yana ƙyalli yana hayaƙi. Ni da Drago muka kare fuska da hannu kamar ɓarayi. Malam ya tsaya a bakin ramin, hannunsa a kafaɗata, ruwa na tsiyaya daga wandonsa.

"Mun fito, Malam. In kwance?"

"Kada ki taɓa. Yana nan tukuna. In rana ta shiga za ta wanke min shi."

Drago ya gangara ya kawo ƙaramar motarsa. Muka sa Malam a baya, muka cire masa takalman muka juye ruwan, na naɗe masa ƙafafu da kwat ɗina. Haƙoransa na kaɗawa, amma bakinsa bai huta ba.

"Takwas, tara, tara, sha ɗaya. Na ukun nan ki sa masa ido, shi zai fara rufewa. Kuma mako mai zuwa kada ki riƙe haske bayan ya juya, na ji Drago yana miki magana. Wa ya koya miki haka?"

"To, Malam. Gida za mu kai ka, ka sa busassun kaya?"

Ya jingina kansa da kujera, ya gyara ƙullin ɗankwalin da yatsa biyu.

"Asibiti," in ji shi. "Su kwance da kansu gobe."